Addinin Hindu: daga ina ya samo asali, kuma yaya ibadarsa ta yi ta sauyawa?

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wani abu na addinin Hindu, ko da bai taɓa karanta layi ɗaya a kansa ba. Ya ga ango da amarya suna zagaya wuta, ya ga jan ɗigo a goshin mata, ya ga uwar jarumi ta shiga ɗakin bauta tana kaɗa ƙararrawa tana kuka gaban gunki. Waɗanda suka je jinya ko karatu a Delhi kuwa sukan dawo da labarin shanun da ke kwance tsakiyar titi, motoci na kauce musu. Abin da fim ba ya faɗa shi ne, waɗannan al'adu ba rana ɗaya suka zo ba. Wasu sun haura shekaru 3,000, wasu ba su cika 150 ba. Mutanen da suka tsara littattafan farko na addinin ba su gina ɗakin bauta ba, ba su sassaƙa gunki ba, kuma suna yanka shanu.

A yau mabiya Hindu sun kai kimanin miliyar 1 da miliyan 200, wato su ne na uku a duniya bayan Kirista da Musulmi. Mafi yawansu suna Indiya, inda ƙidayar 2011 ta nuna su ne kashi 79.8 cikin 100 na jama'a, Musulmi kuma kashi 14.2. Su ne masu rinjaye a Nepal da tsibirin Bali na Indunusiya, kuma kusan rabin mutanen tsibirin Moris, a nan Afirka, ƴan Hindu ne.

Addinin ba shi da mutum guda da za a ce shi ya kafa shi, ba shi da littafi guda da ya ɗaure kowa, ba shi da shugaba guda. Hatta sunan ma baƙi ne suka laƙaba. Kogin da ke ratsa Pakistan ta yau ana kiransa Sindu a tsohon harshen ƙasar. Farisawa suka mai da shi Hindu, Larabawa suka ce al-Hind, kuma shekaru aru-aru kalmar tana nufin mutanen da ke zaune hayin kogin ne kawai. Sai a ƙarni na 19, zamanin mulkin Turawan Ingila, ta zauna daram a matsayin sunan addini. Da yawa cikin mabiyan sun fi son su ce Sanatana Darma, wato tafarki madawwami.

Birane biyu da rubutun da ba a karanta ba

A shekarun 1920 masu tonon kayan tarihi suka gano kufan manyan birane biyu a kwarin kogin Sindu, Harappa da Mohenjo-daro, waɗanda suka yi tashe tsakanin shekara ta 2600 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Birane ne masu tituna miƙaƙƙu da magudanan ruwa na tubali. A Mohenjo-daro an samu wani babban wurin wanka mai tsawon kusan mita 12, an kuma samu hatimai masu hoton bijimi da na wani mutum zaune ya tanƙwashe ƙafafu, dabbobi kewaye da shi. Wasu masana suna ganin a nan ne tushen wankan tsarki da bautar Shiba suke. Hasashe ne, domin har yau babu wanda ya iya karanta rubutun mutanen nan.

Inda tarihi ya fara magana da baki shi ne wajen shekara ta 1500 kafin Annabi Isa, lokacin da wasu makiyaya masu dawaki da kekunan yaƙi, waɗanda ke kiran kansu Ariya, suka bayyana a arewa maso yammacin ƙasar. Harshensu, Sanskirit, dangin Farisanci ne da Girkanci da Latin, har da Faransancin da ake koyarwa a lakol. Kalmar da suke kiran uba da ita, pitar, da père na Faransanci tushensu ɗaya, haka deba, abin bauta, da dieu. Wani alƙali Bature mai suna William Jones ne ya ja hankalin masana kan wannan dangantaka a Kalkata a 1786. Yawancin masana harshe da tarihi sun tafi a kan cewa mutanen nan daga filayen tsakiyar Asiya suka gangaro, rukuni-rukuni, suka cakuɗa da waɗanda suka tarar, kuma wani babban binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2019 ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Masu kishin Hindu a Indiya ba sa son jin haka. Su a wurinsu Ariya ƴan ƙasa ne tun fil'azal, kuma dalilin nacewar a bayyane yake: wanda ke kiran Musulmi da Kirista baƙi ba zai so a ce kakanninsa ma daga wani wuri suka zo ba.

Zamanin wuta da hadaya

Littattafan mutanen nan su ne Beda, guda huɗu. Mafi tsufa, Rigbeda, ya ƙunshi waƙoƙin yabo 1,028 a kashi 10. Ba a rubuce aka fara adana su ba. Malamai ne suke haddacewa suna biya wa almajirai baki da baki, da ƙa'idojin furuci masu tsanani, har da karanta kalmomi gaba da baya don kada harafi ya salwanta. Mai karatun da ya san yadda ake hadda a makarantar allo zai gane irin wahalar da ke ciki.

Ibadar wancan zamani hadaya ce a fili. A share wuri, a hura wuta, a zuba mata man shanu da hatsi da ruwan wani tsiro mai suna soma, wani lokaci a yanka akuya, ko sa, ko doki idan sarki ne ke neman nuna ƙarfinsa. Abubuwan bautar da aka fi kira su ne Indira, na tsawa da yaƙi, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waƙoƙin Rigbeda nasa ne, sai Agni, wato wutar kanta, wadda ake ɗauka a matsayin ɗan aike tsakanin mutane da sama. Abin da ake roƙo kuwa na duniya ne: ƴaƴa maza, ruwan sama, nasara a yaƙi, tsawon rai, da garken shanu, domin da shanu ake auna arzikin mutum. Bishnu da Shiba, waɗanda suka mamaye addinin a yau, ƙananan wurare suke da su a lokacin. Shiba ma da sunan Rudra aka san shi. Yanzu da wuya a ga ɗakin bautar Indira, amma Agni bai mutu ba. Wutar nan da ango da amarya ke zagayawa ita ce shaidar ɗaurin aure, kuma wuta ce ke karɓar gawa ranar ƙarshe.

Daga wajen shekara ta 700 kafin Annabi Isa, bayan jama'a sun bazu zuwa kwarin kogin Ganga, birane da sarautu sun kafu, sai wasu suka fara tambayar amfanin wannan hadaya mai cin dukiya. Daga nan aka samu littattafan Upanishad, kuma a cikinsu ne aƙidun da aka fi sanin Hindu da su suka fito fili. Rai, wanda suke kira atman, ba ya ƙarewa da mutuwa, yana sake dawowa cikin wani jiki. Abin da mutum ya aikata, wato karma, shi ke yanke irin rayuwar da zai dawo cikinta. Wannan zagaye na haihuwa da mutuwa wahala ce, kuma babban buri shi ne kuɓuta daga gare shi, abin da suke kira moksha. Bayan dukkan abubuwan bauta kuma, in ji waɗannan littattafai, akwai haƙiƙa guda ɗaya, Birahman. Shi ya sa idan aka tambayi ɗan Hindu mai ilimi ko alloli nawa yake bauta wa, zai iya cewa ɗaya ne mai fuskoki da yawa, maƙwabcinsa ya ce Kirishna kaɗai ya sani, wani kuma ya ce shi bai damu da tambayar ba, kuma duk ana lissafa su cikin addini ɗaya.

A cikin wannan yanayi ne Buda da Mahabira, jagoran addinin Jain, suka bayyana wajen ƙarni na 5 kafin Annabi Isa. Dukansu sun ƙi hadayar jini, sun ƙi fifikon malaman gado, sun yi wa'azin ahimsa, wato kada a cutar da mai rai. Sun samu mabiya cikin ƴan kasuwa da sarakuna, musamman sarki Ashoka a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa. Malaman Beda ba su ci gasar da gardama kaɗai ba. Sun ɗauki abin da ya ja hankalin jama'a wurin abokan hamayyarsu suka shigar cikin nasu. Sannu a hankali hadayar dabba ta ja baya, malamai da yawa suka bar cin nama, saniya ta tashi daga abin yanka ta koma uwa mai alfarma. Daga baya har Buda kansa aka lissafa shi cikin siffofin da Bishnu ya sauko duniya da su.

Maganar nama dai har yau ba ta zama bai ɗaya ba. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 44 cikin 100 na ƴan Hindu a Indiya ne ke cewa ba sa cin nama sam. A Kalkata da Assam da Nepal ana yanka awaki don bautar Kali da Durga. A jihar Kerala ana sayar da naman sa a gidajen abinci. Indiya kuma tana cikin manyan ƙasashen da ke fitar da naman ɓauna zuwa kasuwannin duniya.

Gunki, ɗakin bauta da tatsuniyoyin jarumai

Addinin da ake gani a fim ya kammala kamanninsa ne tsakanin ƙarnonin ƙarshe kafin Annabi Isa da zamanin daular Gupta, wadda ta yi mulki daga wajen 320 zuwa 550. A nan ne manyan labarai biyu suka zauna: Ramayana, labarin Rama da matarsa Sita da aka sace, mai baiti kusan 24,000, da Mahabarata, labarin yaƙin ƴan uwa kan gadon sarauta, mai baiti kusan 100,000. A cikin na biyun ne Bagabad Gita take, baiti 700, inda Kirishna ke yi wa jarumi Arjuna nasiha a bakin daga, lokacin da ya ga danginsa a sahun abokan gaba hannunsa ya yi sanyi. Saƙon shi ne mutum ya sauke nauyin da ke kansa ba tare da kwaɗayin sakamako ba, kuma ƙaunar abin bauta hanya ce ta tsira da ke buɗe ga kowa.

A wannan zamani aka fara gina ɗakunan bauta na dutse, hadayar wuta ta ba da wuri ga abin da ake kira puja. A puja ana ɗaukar gunki kamar babban baƙo: a tashe shi da safe, a yi masa wanka, a sa masa tufafi da furanni, a miƙa masa abinci, a zagaya fitila a gabansa, da dare a rufe masa ƙofa. Mabiyan suna cewa ba dutsen suke bauta wa ba, abin bautar ne ke sauka cikinsa bayan an yi masa bikin buɗe ido. Manyan rassa uku suka fito, na Bishnu, na Shiba, da na uwar allahiya mai sunaye da yawa. Abubuwan bautar ƙauyuka da na ƙabilu ba a kore su ba, an dai ce wannan matar Shiba ce, wancan siffar Bishnu ne, kowa ya samu wurin zama. Ta haka addinin ya yi ta faɗaɗa ba tare da ya zubar da tsohon kaya ba.

Daga ƙarni na 6 zuwa na 9, a ƙasar Tamil da ke kudu, mawaƙa masu yawo suka fara rera ƙaunar Bishnu da Shiba da harshen talakawa maimakon Sanskirit. Wannan guguwa, da ake kira bakti, ta hau arewa cikin ƙarnoni, ta fitar da mutane irin su Kabir, masaƙi daga Banaras a ƙarni na 15, wanda ya caccaki malaman Hindu da na Musulmi baki ɗaya, da Mirabai, ƴar sarauta da ta bar fada don Kirishna, da Tulsidas, wanda ya fara sake tsara labarin Rama da harshen jama'a a 1574.

Tabon da ya ƙi gogewa

Ba za a yi maganar Hindu a tsallake rabe-raben jama'a ba. Tun a ƙarshen Rigbeda an ambaci aji huɗu: malamai, wato Barahmana, sai sarakuna da mayaƙa, sai ƴan kasuwa da manoma, sai masu hidima. Littafin dokokin Manu, wanda aka tsara kusan shekaru 2,000 da suka wuce, ya tsaurara iyakokin. A zahiri kuma jama'a ta kasu zuwa dubban ƙungiyoyin gado da ake kira jati, kowace da sana'arta da waɗanda take aure da su. A ƙasar Hausa ma an san sana'ar gado, an san gidajen da ake jan ƙafa wajen ba su aure, amma abin Indiya ya zarce nan nesa. A can akwai mutanen da aka fitar daga ajin huɗun gaba ɗaya, masu jima da shara da kwashe gawa, aka ce taɓa su ƙazanta ne, aka hana su rijiyar gari da ɗakin bauta. Aƙidar karma ta zama hujja a hannun masu cin moriyar tsarin: wai abin da mutum ya shuka a rayuwar baya yake girba.

Waɗannan su ne Dalit, kimanin kashi 16.6 cikin 100 na ƴan Indiya a ƙidayar 2011. Babban jagoransu, Dakta Ambedkar, ya ƙona littafin Manu a bainar jama'a a 1927, ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin 1950 wanda sashensa na 17 ya haramta ƙyamar taɓawa, sannan a watan Oktoban 1956, a birnin Nagpur, ya fice daga Hindu ya shiga addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Doka ta ware wa Dalit gurabe a makarantu da aikin gwamnati da majalisa, biyu daga cikinsu sun zama shugaban ƙasa, amma a ƙauyuka har yanzu ana kashe saurayi don ya auri yarinyar da ta fi shi aji.

Musulmi, Turawa, da na'urar buga hoto

Musulunci ya shiga ƙasar ta hanyar fatake a gaɓar teku, ta hanyar sufaye, da kuma ta takobi. Muhammad bin Ƙasim ya ci Sind wajen 712. Mahmud na Gazna ya rushe ɗakin bautar Somnat a 1026, kuma a zamaninsa ne malami al-Biruni ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa kan Indiya, wanda har yau masana ke yaba adalcinsa. Sarakunan Mugal ba hali ɗaya suka yi ba. Akbar ya soke jiziya a 1564, ya sa aka fassara Mahabarata zuwa Farisanci. Aurangzeb ya rushe babban ɗakin bautar Shiba na Banaras a 1669, ya mai da jiziya a 1679. Duk mai son ya nuna zaman lafiya zalla ko zalunci zalla zai samu abin da zai tsinta a waɗannan ƙarnoni, kuma ƴan siyasar yau tsintar suke yi. Har gobe ƴan Hindu na ziyartar kabarin Shehu Mu'inuddin Cishti a Ajmer.

Zuwan Turawan Ingila da ƴan mishan ya tilasta wa ƴan boko na Hindu su sake duban addininsu. Ram Mohan Roy, wanda ya kafa ƙungiyar Brahmo Samaj a 1828, ya yi wa'azin abin bauta guda ba gunki, ya kuma yi yaƙi da al'adar sati, inda ake ƙona matar mamaci tare da gawar mijinta. An haramta ta a 1829. A 1856 doka ta halatta wa zawarawan da mazansu suka mutu su sake aure. A 1893 Swami Vivekananda ya tsaya gaban taron addinai a Cikago ta Amurka ya gabatar da Hindu a matsayin falsafar duniya, kuma daga wannan hanya ce yoga ta bi har ta zama motsa jiki a biranen Turai. A shekarar ce kuma Tilak ya mai da bikin Ganesha, mai kan giwa, daga ibadar cikin gida zuwa gangamin titi, don tara jama'a a kan Turawa. Leburorin da aka kwasa zuwa gonakin rake daga 1834 su suka kai addinin Moris da Afirka ta Kudu da Fiji da Tirinidad.

Fasaha ma ta sa hannu. Fuskokin abubuwan bautar da ake gani a kalanda da shagunan Indiyawa sun samo asali ne daga zanen Raja Ravi Varma, wanda ya buɗe maɗaba'a a 1894. Cikakken fim na farko a Indiya, Raja Harishchandra na 1913, labarin addini ne. A 1975 wani fim mai ƙaramin jari, Jai Santoshi Maa, ya ɗauki wata allahiya da ba a san ta sosai ba ya mai da ita abin bautar miliyoyin mata, har ƴan kallo na cire takalmi a ƙofar silima. Da gidan talabijin na gwamnati ya fara nuna Ramayana a 1987, tituna kan zama wayam ranar Lahadi da safe, wasu na rataya wa akwatin talabijin furanni.

Siyasa ta ga wannan taro ta yi sha'awarsa. Tun 1923 Savarkar ya fitar da aƙidar Hindutba, wadda ke cewa Indiya ƙasar Hindu ce, a 1925 aka kafa ƙungiyar RSS. Gandhi, wanda ya ɗauki ahimsa ya mai da ita makamin neman ƴanci, ɗan Hindu mai wannan ra'ayi ne ya harbe shi ranar 30 ga Janairun 1948, bisa zargin yana sassauta wa Musulmi. Ranar 6 ga Disamban 1992 gungun masu kishin Hindu suka rushe masallacin Babri a Ayodhya, suna cewa a nan aka haifi Rama, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kusan 2,000, akasarinsu Musulmi. A Nuwamban 2019 kotun ƙoli ta ce rushewar ta saɓa doka, amma ta ba ƴan Hindu filin, ta ce a ba Musulmi wani a wani wuri. Ranar 22 ga Janairun 2024 firaminista Narendra Modi, wanda ya taso cikin RSS, ya jagoranci buɗe sabon ɗakin bautar Rama a wurin. Saniya ma ta zama tutar siyasa: jihohi da dama sun tsaurara dokar hana yankanta, kuma tun 2015 gungun masu cewa suna kare ta sun kashe Musulmi da dama, ciki har da makiyaya da dillalan dabbobi, wani lokaci kan jita-jita kawai. Akwai malamai da marubuta ƴan Hindu da ke cewa wannan ba addininsu ba ne, ana ƙoƙarin ɗaure abu mai rassa dubu ne a mai da shi sanda guda.

A 1991 majalisar Indiya ta yi dokar da ta ce kowane wurin ibada ya ci gaba da zama yadda yake ranar 15 ga Agustan 1947, ban da na Ayodhya. Duk da haka an shigar da ƙararraki kan masallacin Gyanvapi na Banaras da na Shahi Idgah a Mathura, inda masu ƙara ke cewa a kan tsofaffin ɗakunan bauta aka gina su. A Disamban 2024 kotun ƙoli ta umarci ƙananan kotuna su dakata da karɓar sababbin ƙararraki irin waɗannan, har sai ta yanke hukunci kan ita dokar ta 1991.